Kafin a Sayi Na'urar Farfaɗo da Zuciya a Dutsin-Ma

Ranar 8 ga Maris 2020, ana cikin wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United a garin Lafiya, ɗan wasa Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi a fili. Rahotanni sun ce motar ɗaukar marasa lafiya da aka girke a wurin ta ƙi tashi, ko da aka kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan wata goma sha biyar, ranar 12 ga Yuni 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Kofenhegan ana wasa da Finland, zuciyarsa ta tsaya, aka yi ta danna masa ƙirji nan take, aka manna masa wata 'yar na'ura ta ba shi shokin sau ɗaya, zuciyar ta dawo. A farkon 2022 ya koma taka leda. Dattawa kuma ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 ana karawa da Angola. 'Yar na'urar da aka manna wa Eriksen ita ce likitoci ke kira AED, kuma yau duk wata makaranta ko ƙungiya ko kwamitin masallaci da ke da kuɗi zai iya mallakarta. Sai dai wanda zai saye ta a gari irin Dutsin-Ma ko Kurfi ya kamata ya san cewa akwatin shi ne ƙaramin abu a cikin cinikin. Abin da yake nema da kuɗinsa shi ne ta isa ƙirjin mutum cikin minti uku zuwa biyar da faɗuwarsa, tana da rai, a hannun wanda ba ya tsoronta. Duk wani zaɓi, daga samfuri har bangon da za a rataye ta, da wannan ma'auni za a auna shi.

Sai an fahimci ciwon kafin a gane dalilin gaggawar. Abin da muke kira bugun zuciya abu biyu ne da ake haɗawa a baki. Na farko jijiyar da ke shayar da zuciya ce ke toshewa, mutum yana numfashi, yana magana, yana dafe ƙirji yana zufa. Wannan asibiti yake bukata, na'urar ba ta da aiki a kansa muddin yana cikin hayyacinsa. Na biyu lantarkin da ke tsara bugun zuciyar ne ke rikicewa, sai naman zuciya ya riƙa karkarwa maimakon ya matsa ya tura jini. Mutum ya faɗi kamar an sare shi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko kuma yana wani jan numfashi mai kama da kakari. Shokin ɗin da na'urar ke bayarwa yana tsayar da wannan karkarwa ne gaba ɗaya na ɗan lokaci, domin zuciya ta kama bugunta na asali. Idan karkarwar ta riga ta mutu, zuciya ta yi tsit, shokin ba ya tayar da ita, saɓanin abin da ake nunawa a fina-finai. Kuma karkarwar ba ta daɗewa. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini, damar tsira kuma tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti idan ba a danna ƙirji. Daga Dutsin-Ma zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tafiyar kusan kilomita 60 ce. Ko Babban Asibitin Dutsin-Ma da ke cikin gari, kafin a tsayar da a-daidaita-sahu, a ciccibi mutum, a ratsa cunkoson ranar kasuwa, minti goman nan sun wuce.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga wurin da ba a zata ba, gidajen cacar Amurka. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, an koya wa masu gadin gidajen amfani da na'urar. Cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu kuma zuciyarsu ke wannan karkarwa, kashi 74 cikin ɗari sun rayu idan shokin ya same su cikin minti uku, kashi 49 idan ya wuce haka. Masu gadi ne fa, ba likitoci ba. Amma akwai wani binciken da mai saye ya kamata ya sani kafin ya zare kuɗi. A 2008 an buga sakamakon bin diddigin mutum 7,001 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, aka ba rabinsu na'urar su ajiye a gida. Yawan mutuwa tsakanin ɓangarorin biyu bai nuna wani bambancin a zo a gani ba, saboda da yawa sun faɗi ne ba kowa a kusa, ko cikin barci. Idan aka haɗa binciken biyu, darasin a fili yake: na'urar tana biyan kuɗinta ne a inda jama'a ke taruwa kuma idanu ke kan juna. Attajirin da ke son ya saya ya kulle a ɗakinsa, gara ya saya ya yi waƙafi da ita ga masallacin Juma'ar unguwarsu, inda shi ma yake sallah. Wuraren da suka cancanta a nan su ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da filin ƙwallo, da tashar mota, da kasuwa, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da duk wani asibiti ko ɗakin shan magani da ba shi da babbar irinta.

Game da irin na'urar, kada a bari mai sayarwa ya ruɗa mutum da babbar nan mai allo da faranti biyu da ake gani a ɗakin tiyata. Waccan sai likita ya karanta layin zuciya ya yanke hukunci da kansa. Wadda ake nema ita ce mai sarrafa kanta, wadda nauyinta bai fi kilo ɗaya zuwa uku ba, ita ke auna bugun zuciya ta filastoci biyu masu waya da ake mannawa a ƙirji, ita ke yanke shawara, kuma ba za ta saki wuta a kan wanda bai bukata ba ko da an danna maɓalli. (Na'urar shokin ta farko mai ɗaukuwa, wadda ba ta sarrafa kanta, da Frank Pantridge ya sa a motar asibiti a Belfast a 1965 ta kai kilo 70, da batirin mota take aiki.) Iri biyu ne a kasuwa: wadda ke cewa a danna maɓalli, da wadda ke ƙirga uku ta saki wutar da kanta. Masu goyon bayan ta biyu suna cewa tana kawar da ɗar-ɗar ɗin mai ceto, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka a wurinmu na fi karkata ga mai maɓalli. Kowa ya san yadda muke rufa a kan wanda ya faɗi, wannan ya riƙe kai, wancan ya riƙe ƙafa, wani yana fifita. Na'urorin da ake shigo da su Najeriya galibi da Turanci suke magana, to idan ta ce a ja baya cikin hayaniya, mutum nawa za su ji, nawa za su gane? Maɓalli yana ba mai ceto damar ya daka tsawa ya ce kowa ya saki, ya duba da idonsa, sannan ya danna. Saboda wannan dalili ne kuma ya kamata a zaɓi mai zane-zane da fitilu masu nuna mataki bayan mataki, da mai ƙararrawa da ke buga wa mai danna ƙirji kiɗan da zai bi.

Abin da zai kashe na'ura a tsakiyar Katsina ba rashin wuta ba ne. Ba ruwanta da NEPA, batirinta na litiyam ne wanda ba a caji, yana zaune shekara huɗu zuwa biyar. Zafi da ƙura su ne abokan gaba. Yawancin samfura an yi su ne su yi aiki tsakanin awo 0 zuwa 50 na ma'aunin zafi, wasu ma iyakar ajiyarsu ba ta kai haka ba, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura 40 a nan, kuma cikin motar da aka rufe a rana ko ƙarƙashin kwanon da ba silin ya fi haka nesa. Zafi yana cinye batir kafin wa'adinsa, yana kuma busar da danƙon filasta, filastar da ta bushe kuwa ba ta kama fata, na'ura ba za ta iya karanta zuciya ba. Sai kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. A jikin takardar kowace na'ura akwai haruffan IP da lambobi biyu, na farko na ƙura, na biyu na ruwa. A nemi IP55 ko sama. Zoll AED Plus da Philips HeartStart FRx suna da 55, HeartSine Samaritan tana da 56, amma Philips HeartStart HS1, duk da farin jininta a ofisoshin Turai, tana da 21 ne kawai, ta ɗaki mai sanyi ce.

Daga nan sai tambayar da mafi yawan masu saye ke mantawa da ita, wadda kuma ta fi sunan kamfani muhimmanci: bayan shekara biyu, a ina za a samo sabuwar filasta? Filasta sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ko ba a buɗe ta ba tana da ranar lalacewa, shekara biyu ga wasu, huɗu ko biyar ga wasu. Ta wani kamfani ba ta shiga ta wani. Zoll AED Plus tana amfani da ƙananan batura goma na 123A irin na kyamara, waɗanda samunsu ya fi sauƙi. HeartSine ta haɗa batir da filasta a kwali ɗaya mai wa'adin shekara huɗu, ranar da za a tuna guda ɗaya ce ke nan. Mindray ta ƙasar Sin kuma kayanta sun yawaita a asibitocin Najeriya. Kowanne da amfaninsa, amma wanda ya fi shi ne wanda dilansa a Kano ko Abuja ko Legas zai nuna maka filasta da batir a kan kanta yau, ya kuma rubuta maka farashinsu. Sabuwar na'ura a kasuwar duniya tana kamawa daga kusan dala 1,000 zuwa 2,500, ke nan maganar miliyoyin naira ake yi idan aka haɗa da kuɗin shigowa. Lissafin gaskiya shi ne na shekara takwas: kuɗin akwati, da batir ɗaya ko biyu, da filasta biyu zuwa huɗu, da kuɗin horo. Kwamitin da ya tara kuɗin akwati kawai, bai ware na sauran ba, ya sayi kayan ado ne mai wa'adin shekara biyu.

A wurin ciniki a nemi shaidar rajistar NAFDAC, domin kayan aikin asibiti suna ƙarƙashin kulawarta, a duba tambarin CE na Turai ko amincewar hukumar FDA ta Amurka, a karɓi takardar garanti mai ɗauke da lambar na'urar, wanda a manyan kamfanoni kan kai shekara bakwai ko takwas. A duba ranar ƙera batir da ranar lalacewar filasta kafin a biya, don kaya kan yi shekara a sito kafin su iso. Ta hannu, wadda ake cewa 'yar Beljiyam, araharta tana da jan hankali, amma sau da yawa asibitocin waje sun yar da ita ne saboda kamfanin ya daina yin kayan gyaranta. Mota ta hannu idan ta mutu a hanya sai a tura, wannan kuwa ranar da za a gane ta mutu ita ce ranar da mutum ke kwance a ƙasa. Idan wurin makarantar yara ce, a nemi filastar yara ko samfurin da ke da maɓallin rage wuta, domin 'yan ƙasa da shekara takwas ko kilo 25. A cikin jakar kuma a zuba almakashi mai yanka riga, da reza saboda mai gashin ƙirji, da ƙaramin tawul, da safar hannu, da filasta ta biyu.

Inda za a ajiye ta shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma kuskuren daga kyakkyawar niyya yake zuwa. Abu mai tsada, ɗabi'armu ce a kai shi ofishin shugaba a sa kwaɗo, mabuɗi ya tafi Katsina taro. Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: daga duk inda mutum zai iya faɗuwa, saurayi mai gudu ya je ya ɗauko ya dawo cikin minti uku, wato minti ɗaya da rabi kowace tafiya. A gwada da agogo, kada a ƙiyasta. Jami'ar da ke da matsuguni a cikin gari da wani a bayan gari ba za ta ce ta sayi ɗaya ta gama ba, kuma wadda ke Dutsin-Ma ba ta da wani amfani ga mutumin Kurfi. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda kullum akwai mutum a farke, kamar ɗakin maigadi ko teburin ma'aikaciyar jinya, a bangon da rana ba ta dukansa, da babbar alama kore da rubutun Hausa na boko da na ajami. Tsoron sata gaskiya ne, amma maganinsa akwati mai ƙara idan an buɗe, da idon maigadi. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin leƙa 'yar fitilar da ke nuna lafiyar na'urar kowane mako, ya sa hannu a littafi. Ranar Juma'a ta dace da wannan, don ba a manta ta.

Ko an yi duk wannan, na'urar ba ta aiki ita kaɗai. Danna ƙirji shi ke riƙe ƙwaƙwalwa da rai kafin ta iso, kuma shi ke sa zuciya ta karɓi shokin. Wanda ya ga mutum ya faɗi ya jijjiga kafaɗarsa ya kira shi. Idan bai amsa ba kuma ba ya numfashi yadda aka saba, ya nuna mutum ɗaya ya ce kai ɗauko na'ura, ya nuna wani ya ce kai nemo mota ka kira asibiti ko 112. Ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ya riƙa dannawa zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti. Na'ura na zuwa a kunna ta, a buɗe ƙirji a goge zufa, filasta ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Ta ce a saki, a saki. Ta ce a danna maɓalli, a danna. Sannan a koma danna ƙirji nan take na minti biyu har ta sake aunawa. Abubuwan da muka saba yi, yayyafa ruwa, ɗura madara, cusa cokali a baki, zaunar da mutum, duk cin lokaci ne, ɗurar ma tana iya shaƙe shi. Kakarin nan da ake ji a ce ai ya fara gargara, a ja mayafi, sau da yawa alama ce cewa faɗuwar sabuwa ce kuma akwai sauran dama. Wanda aka tsamo daga ruwa, kamar a madatsar Zobe, shi ne ke bukatar a fara hura masa iska, a kuma tsane ƙirjinsa sosai kafin a manna filasta. Horon bai wuce na rabin yini ba. A sa shi cikin sharuɗɗan ciniki, dila ya zo da mutum-mutumin gwaji, ko a gayyato ƙungiyar Red Cross ko ma'aikatan jinya na gari, a horar da masu gadi, da ladanai, da 'yan agaji, da shugabannin tasha, a maimaita duk shekara.

Akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi: a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, miliyan biyu ko uku za ta sayi na'urar awon jini da magani ga ɗaruruwan mutane, wannan kuma zai hana mutuwa fiye da akwatin da zai iya shekara biyar ba a taɓa shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma ɗakin shan magani na ƙauye da ba shi da abin awon jini, da shi ya kamata ya fara. Amma makarantar da ke tara dubban mutane kullum, wadda ke kashe fiye da haka a walimar yaye ɗalibai, ba tsakanin waɗannan biyun take zaɓi ba. Hujja ta biyu ita ce idan an farfaɗo da mutum, ina za a kai shi? Lallai yana bukatar asibiti, watakila har Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano, kuma tafiyar dare a hanyoyin yankin nan ba abin da ake yi da wasa ba ne. Sai dai wanda shokin ya same shi da wuri shi ne wanda ya fi yiwuwa ya farka da hankalinsa, ya jure tafiyar. Abin da wannan hujja ke wajabtawa shi ne a je a zauna da shugaban asibitin gari tun kafin a saya, a san wa za a kira, a san motar wa za ta tashi, a tabbata tana da mai.

Sauran ja-in-jar ta al'ada ce, kuma ba a kawar da ita da dariya. Wani zai ce idan ajali ya zo ba na'urar da za ta hana. Haka ne, amma ba wanda ya san ajalin wani daga kallonsa a ƙasa, kuma malamai ba su taɓa ɗaukar neman magani a matsayin jayayya da ƙaddara ba. Liman ya faɗi haka sau ɗaya a huɗuba ya fi takarda ɗari. Batun mace ya fi wuya, domin filasta sai ta taɓa fata, kuma a arewacin Najeriya ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yawaita fiye da kusan ko'ina a duniya, abin da likitoci a Zariya suka rubuta tun shekarun 1970. Mafita ita ce a horar da mata a ɗakunan kwanan ɗalibai mata da makarantun Islamiyya da ɓangaren mata na masallaci, a kuma koya wa kowa cewa ana iya kewaye ta da zannuwa a manna filasta, a mayar da mayafi a kai a ci gaba da dannawa. Idan namiji ne kaɗai a wurin, lalura ce, kuma wannan ma daga bakin malamai ya kamata jama'a su ji shi tun kafin ranar. Tsoron a ce kai ka kashe shi, ko a kwana a ofishin 'yan sanda, shi ma yana hana mutane miƙa hannu. Hukumar wurin ta rubuta a fili cewa ita ta ba ma'aikatanta izini kuma tana bayansu, ta sanar da DPO da hakimi. Na'urar kanta shaida ce, don tana adana layin zuciyar da ta gani da lokacin da ta ba da shokin.

Wannan bayanin da take adanawa yana da amfani ga likitan da zai karɓi mara lafiya, saboda haka na'urar ta bi shi cikin mota da filastocin a manne, ko da ya farfaɗo yana magana, domin karkarwar tana iya dawowa a hanya. Idan an dawo da ita a goge ta, a sa filastar ajiya, a duba fitila, a kira dila a ranar a yi odar wata, tunda kafin kaya su taso daga Legas ko Kano su iso Dutsin-Ma ana iya ɗaukar kwanaki.